Katangar Dutse da Gonar Abraham Brian: Yadda Amurka Ke Tuna Yaƙin Basasarta

A ranar 3 ga watan Yulin 1913, bayan azahar, wasu tsofaffi suka jeru a wani fili da ke wajen garin Gettysburg a Jihar Pennsylvania ta Amurka, suka doshi wata 'yar katangar dutse wadda tsayinta bai kai ƙugun mutum ba. Mafi yawansu sun haura shekara saba'in, wasu na dogara sanda, wasu kuma hannun rigarsu ɗaya a naɗe yake domin babu abin da zai cika shi. A bayan katangar wasu tsofaffin ne irinsu ke jira. Shekara hamsin cif kafin wannan rana, a wannan fili, mayaƙan 'yan aware na Kudu kimanin 12,500 suka keto sarari tsakar ruwan harsashi da aman igwa suna neman ƙetare wannan katanga, kuma kimanin rabinsu ba su koma lafiya ba. A wannan karon da suka iso, sai na bayan katangar suka miƙo musu hannu. Aka gaisa, aka rungumi juna, wasu suka zubar da hawaye, masu ɗaukar hoto suka ɗauka, jaridu suka watsa wa duniya. Tsofaffin sojoji sama da 53,000 ne suka halarci wannan taro na kwanaki, suka kwana a tantunan da gwamnati ta kafa musu.

Hoton yana da taɓa zuciya, kuma ba na jin akwai mai imanin da zai raina hawayen dattijon da ya binne abokansa yana saurayi. Sai dai mai karatun da ya san kalmar basasa, ko daga ta Kano ta ƙarshen ƙarni na 19 ko daga ta Nijeriya, ya san cewa bayan an ajiye makami akwai sauran rigima a kan wanda zai ba da labari. Yaƙin Amurka ya ɓarke a watan Afrilun 1861 ya ƙare a 1865. Jihohi goma sha ɗaya na Kudu suka ɓalle daga tarayya bayan zaɓen Abraham Lincoln, a lokacin da mutum kusan miliyan huɗu ke cikin ƙangin bauta a ƙasar. An daɗe ana cewa sojoji 620,000 ne suka mutu, har a 2011 masanin tarihi J. David Hacker ya sake lissafi ya ce adadin ya fi kusa da 750,000. Waɗanda suka ɓalle ba su ɓoye dalilinsu ba. Takardar ɓallewar Jihar Mississippi ta faɗi ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta, kuma Alexander Stephens, mataimakin shugaban 'yan awaren, ya tsaya a birnin Savannah a watan Maris na 1861 ya ce an gina sabuwar gwamnatinsu ne a kan cewa baƙar fata bai kai farar fata ba. Abin da wannan muƙala ke bi shi ne yadda wannan dalili, da aka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ya ɓace daga nune-nune da yawon buɗe ido da wasannin kwaikwayon yaƙin na tsawon fiye da ƙarni guda, da kuma irin wahalar da aka sha kafin a dawo da shi.

An fara baje kolin wannan yaƙi tun ana tsakar yin sa. A ranar 17 ga Satumban 1862 aka gwabza a Antietam, inda aka kashe ko aka raunata ko aka rasa mutum kimanin 23,000 a yini ɗaya. Kwana biyu bayan haka Alexander Gardner ya isa da na'urarsa ya ɗauki gawarwakin da ba a kai ga binnewa ba. A watan Oktoba maigidansa Mathew Brady ya rataye hotunan a ɗakin nuninsa da ke New York, jama'a suka yi ta tururuwa, wasu da gilashin ƙara girma suna duba fuskoki. Kafin wannan lokaci, mutanen birni a zane suka san mutuwar soja: jarumi ya faɗi riƙe da tuta, fuskarsa tsaf. Yanzu ga gawa ta kumbura a gefen shinge, an zazzage aljihunta, an cire mata takalmi. Gani ya kori ji. Ina ganin wannan nuni na farko ya fi mafi yawan waɗanda suka biyo bayansa gaskiya, domin babu wanda ya yi masa ado, duk da cewa daga baya an gano Gardner da abokan aikinsa sun taɓa jan wata gawa a Gettysburg zuwa wurin da hoton zai fi kyau.

Ɗaya daga cikin manyan tarukan tunawa na farko kuwa, 'yantattun bayi ne suka shirya shi. A birnin Charleston akwai filin sukuwa da 'yan aware suka mayar kurkukun fursunonin yaƙi, inda sojojin tarayya 257 suka mutu aka tura su rami ɗaya. Da birnin ya faɗi, baƙaƙen fata suka tono gawarwakin, suka binne kowace a kabarinta, suka kewaye wurin da shinge. Ranar 1 ga Mayun 1865 mutum kimanin dubu goma, akasarinsu waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba, suka yi jerin gwano a wurin, yara 'yan makaranta na gaba da furanni. Wannan labari ya nutse har sai da masanin tarihi David Blight ya tono shi daga tsofaffin takardu a ƙarshen ƙarni na 20. Makonni uku bayan taron Charleston, rundunonin tarayya suka yi gagarumin fareti na kwana biyu a Washington, amma babu bataliyar baƙaƙen fata ko ɗaya da ta taka a ciki, alhali kusan 180,000 daga cikinsu sun sa kakin sojan ƙasa. Sai mutanen Harrisburg ne suka shirya musu nasu faretin a watan Nuwamba.

Daga shekarun 1880 tunawa ta zama sana'a. Abin yayi a lokacin shi ne wani makeken zane da ake kewaye ɗaki da shi, a tsayar da mai kallo a kan dandamali a tsakiya, a zuba ƙasa da karyayyun ƙafafun keken igwa a gabansa, har ido ya kasa rarrabe inda fenti ya ƙare da inda ƙasa ta fara. Wani Bafaranshe, Paul Philippoteaux, ya je Gettysburg ya auna filin, ya zanta da waɗanda suka yi yaƙin, ya zana harin katangar dutse. Wanda aka buɗe a Boston a 1884 shi ne ke Gettysburg a yau, kewayensa kimanin mita 115, tsayinsa kusan mita 13. Amma labarin ɗan'uwansa na Atlanta ya fi koyar da darasi. Masu zane Jamusawa ne suka yi shi a Milwaukee a 1886 domin 'yan kallo na Arewa, yana nuna nasarar sojojin tarayya a yaƙin Atlanta na 1864. Da kasuwarsa ta mutu, wani ɗan kasuwa ya saye shi ya kai shi Kudu. Sai ya sa aka bi wasu fursunoni 'yan aware da ke cikin zanen aka shafe tufafinsu masu ruwan toka da shuɗin fenti, suka koma sojojin tarayya masu gudu, ya kuma tallata shi a matsayin hoton nasarar Kudu. Da 'yan gwangwanayen fenti aka sauya wanda ya ci yaƙi. Sai a gyaran da aka kammala a 2019 ne Cibiyar Tarihi ta Atlanta ta mayar da fursunonin kamanninsu na asali, ta kuma sa labarin shafe-shafen cikin abin da ake nuna wa baƙi.

Abin da ɗan kasuwar nan ya yi da buroshi, wasu sun yi shi da alƙalami da dutse. Tun 1866 ɗan jarida Edward Pollard ya fitar da littafinsa The Lost Cause, kuma sunan ya bi wata aƙida da ta yi rassa: wai Kudu ta yi yaƙi ne domin 'yancin jihohi, wai bayi suna zaune lafiya da iyayengijinsu, wai yawan mutane da masana'antun Arewa ne kawai suka rinjayi jarumtaka. Ƙungiyar 'ya'ya mata na 'yan aware da aka kafa a 1894 ta ɗauki wannan aiki da himma. Ta tara kuɗi ta kafa mutum-mutumi a harabar kotuna, ta sa ido kan littattafan makaranta, kuma mata masu irin wannan ra'ayi ne suka buɗe gidan tarihi a 1896 a tsohon gidan Jefferson Davis, shugaban 'yan awaren, da ke Richmond. A gefe guda gwamnatin tarayya ta fara sayen filayen daga tana killace su, Chickamauga da Chattanooga a 1890, Gettysburg a 1895, ƙarƙashin Ma'aikatar Yaƙi. Wannan ya yi tasiri a kan irin labarin da ake bayarwa. Soja ne ke riƙe da wurin, kuma abin da ya dame shi shi ne dabara: wa ya riƙe wane tudu, wace bataliya ta makara, ina aka girke igwa. A Gettysburg kaɗai akwai gine-ginen tunawa da alluna sama da 1,300, kusan duk a kan wannan suke magana.

Su ma 'yan jagoran baƙi a wannan makaranta suka tashi. Da farko kowane mai keken doki a garin yakan ɗauki baƙo ya zaga da shi yana shirga masa abin da ya ga dama, har ƙorafi ya yi yawa, aka fara ba su lasisi bayan jarrabawa a 1915. Har gobe jarrabawar nan tana nan, kuma ta yi suna wajen tsanani. Mai lasisi zai iya tsayar da kai a kan dutse ya faɗa maka sunan kanar da ya tsaya a wurin da ƙarfe nawa, da yawan mutanen da ya rasa. Ilimi ne na gaske, ba na raina shi. Amma mutum na iya yin sa'a biyu a mota da irin wannan masani a shekarun baya, ya sauka ya san komai game da yadda aka yi yaƙin, ba tare da an ce masa uffan kan abin da ya kawo rundunar Janar Robert E. Lee cikin Pennsylvania ba, balle a gaya masa cewa dubban bayi ne ke tuƙa mata keken kaya suna dafa mata abinci, ko cewa sojojinta sun kama baƙaƙen fata a garuruwan da suka ratsa suka kora su Kudu.

Da wannan shimfiɗa za a fahimci taron 1913. Shugaba Woodrow Wilson, haifaffen Virginia, ya yi jawabi a ranar 4 ga Yuli, ya yabi jarumtakar ɓangarorin biyu, ya yi murnar an manta da husuma, bai ambaci bauta ko 'yantarwa ba. A wannan shekarar ce gwamnatinsa ke raba ma'aikata farare da baƙaƙe a ofisoshin tarayya. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban mai magana da yawun mutanensa, ya hango wannan tun yana raye. A jawabansa na shekarun 1870 ya yi ta gargaɗin cewa a wannan yaƙi akwai ɓangaren gaskiya akwai na ɓata, kuma yafiya ba ta nufin a daidaita su. Ba a saurare shi ba, domin sulhun fararen Arewa da na Kudu ya fi sauƙi idan aka bar baƙar fata a waje. A 1938 aka sake taruwa, tsofaffi kimanin 1,800 da akasarinsu suka haura casa'in, Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da wutar zaman lafiya da ba ta mutuwa. Daga nan shaidun gani da ido suka ƙare, aikin ya koma hannun waɗanda ba su ji ƙarar igwar ba.

Cikar shekara ɗari ta zo a mummunan lokaci ga masu son biki lami lafiya. Majalisar Dokoki ta kafa hukumar bikin a 1957, aka ba Janar Ulysses S. Grant na Uku, jikan kwamandan da ya ci yaƙin, shugabanci, kuma tunanin masu gudanarwa ya fi karkata ga fareti da jawo 'yan yawon buɗe ido. A watan Fabrairun 1961 birnin Montgomery ya kwaikwayi rantsar da Jefferson Davis cikin shagali, birnin da baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin haya shekara biyar kafin nan. A watan Afrilu hukumar ta kira taronta na ƙasa a Charleston. Cikin tawagar Jihar New Jersey akwai wata baƙar fata, Madaline Williams, sai otal ɗin da za a yi taron ya ce ba zai ba ta masauki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jihohin Arewa suka yi barazanar ƙauracewa, sai da Shugaba John Kennedy ya sa baki aka mayar da taron sansanin sojan ruwa, inda dokar wariya ba ta aiki, wakilan Kudu kuma suka yi nasu zaman daban. A wannan shekarar ce aka ɗaga tutar 'yan aware a kan ginin majalisar Jihar South Carolina da sunan bikin. Biki ya wuce, tuta ta zauna.

A watan Yulin 1961 aka yi kwaikwayon yaƙin Manassas na farko a ainihin filin da aka gwabza, dubun dubatar mutane suna kallo cikin zafin rana suna shan lemo. Akwai abin mamaki a nan, domin a ainihin yaƙin na 1861 ma wasu manyan Washington sun fito da kwandunan abinci don su yi kallo, suka koma a guje. Jaridu da masana suka yi tir da mayar da makabarta dandalin wasa. Kafin shekara ta ƙare aka sauya shugabannin hukumar, masanin tarihi Allan Nevins ya karɓa. Hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda filayen suka koma hannunta tun 1933, ta tsayar da doka da ke aiki har yau: a filayenta ana iya kafa sansani, a sa tufafin zamanin, a nuna yadda ake ɗura bindiga da harba igwa, amma ba a yarda runduna biyu su fuskanci juna suna faɗuwa kamar matattu ba. Shi ya sa manyan wasannin Gettysburg a gonakin mutane ake yin su.

Haramcin bai kashe sha'awar ba. Fim ɗin talabijin na Ken Burns a 1990 da fim ɗin Gettysburg na 1993, wanda dubban masu kwaikwayo suka fito a cikinsa da kayansu, sun ƙara rura ta, har a 1998 mutum sama da 15,000 suka taru domin kwaikwayon Gettysburg. Malamin makaranta ne da makaniki da akawu, kowa ya sayi rigar ulu da bindigar ɗuri da kuɗin aljihunsa, ya kwana a ƙasa, ya ci busasshen biskit. Ɗan jarida Tony Horwitz ya zauna da masu tsananin ra'ayi a cikinsu, ya ba da labarinsu a littafinsa na 1998: masu rage cin abinci don su rame kamar sojan da ke cikin tsohon hoto, masu jiƙa maɓallan tagulla a fitsari don su dafe, masu ƙirga ɗinkin ramin maɓalli. Suna da sunan raini da suke kiran wanda ya zo da agogon hannu ko tabarau na zamani. Abin ya ƙetare teku, ana yin sa a Ingila da Jamus. A Brazil ma, a garin Santa Bárbara d'Oeste, jikokin 'yan awaren da suka yi ƙaura can bayan yaƙi, zuwa ƙasar da ba ta haramta bauta ba sai 1888, sun daɗe suna bikin shekara da tufafin kakanninsu.

Akwai abin da wannan wasa ke koyarwa da littafi ba zai iya ba. Yaron da ya ɗaga bindigar nan ya ji nauyinta, ya ga matakai nawa ake bi kafin a harba harsashi ɗaya, ya ga yadda hayaƙin albarushi ke rufe fili cikin 'yan mintuna, ya fahimci dalilin da ya sa ake jera sojoji kafaɗa da kafaɗa. Amma iyakarsa a fili take. Kashi biyu cikin uku na waɗanda suka mutu a wannan yaƙi cuta ce ta kashe su, atini da zazzaɓin taifot da makamantansu, kuma babu mai kwaikwayon atini. Wanda ya yi tafiyar yini a mota ba ya son faɗuwa a mintin farko, saboda haka akan daɗe ana harbi babu mai mutuwa. Masu son sa ruwan toka sukan fi masu son shuɗi yawa a wurare da dama, har sai an roƙi wasu su sauya riga. A ganina an bar jaki ana dukan taiki: an tsananta gaskiya a kan maɓalli, an yi sassauci a kan dalilin da ya sa mai maɓallin ya ɗauki bindiga. Wani lokaci ma ikirarin bin gaskiya kan zama hanyar korar wanda ba a so. A 1989 aka hana Lauren Cook Burgess fitowa a matsayin soja a Antietam domin ita mace ce. Ta kai ƙara ta yi nasara a 1993, sannan ita da DeAnne Blanton suka rubuta littafi da ke tabbatar da cewa ɗaruruwan mata sun ɓad da kama sun yi yaƙin.

Fim ɗin Glory na 1989, kan bataliya ta 54 ta Massachusetts, shi ya jawo baƙaƙen fata da yawa cikin fagen. Ganin baƙin mutum cikin shuɗin kaki riƙe da bindiga yana sauya ma'anar filin gaba ɗaya ko bai buɗe baki ba. Idan ya buɗe kuwa, yana da abin faɗa: an ba sojan baƙar fata dala 10 a wata, a cire 3 kuɗin tufafi, alhali fari na karɓar 13, kuma bataliya ta 54 da ta 55 sun ƙi karɓar ko sisi fiye da shekara guda har aka daidaita. A 1998 aka buɗe wurin tunawa da su a Washington mai ɗauke da sunaye 209,145, kuma a watan Mayun 2015 masu kwaikwayonsu suka taka faretin da aka hana kakanninsu a 1865.

A cikin bataliya ta 55 ɗin nan akwai wani mutumin Kukawa. Sunansa na yanka Muhammad Ali ɗan Sa'id, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Shehu Laminu na Barno. Yana yaro mahara suka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda aka sa masa suna Nicholas. Ya zaga Turai yana hidimar wani basarake, ya iya harsuna da dama, ya ƙetara Amurka yana ɗa, ya koyar a Detroit, a 1863 kuma ya shiga soja har ya kai saje. Bayan yaƙi ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi. A 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis, ya ba da labarin Barno da hamada da fadojin Turai dalla-dalla, amma ko kalma ɗaya bai rubuta ba kan cewa ya sa kakin tarayya. Mutumin da ke yawo da littafinsa yana sayarwa a garuruwan Kudu a zamanin da ƙungiyar Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙaƙe ya san abin da bakinsa zai iya jawo masa. Takardun soja ne suka riƙe abin da shi ya binne. Idan ɗan Barka Gana ya ga dole ya goge kansa daga labarin yaƙin shekara takwas kacal bayan ƙarewarsa, ba abin mamaki ba ne a wayi gari allunan filin daga ba su san da irinsa ba.

Gyara ya zo a makare, kuma da rigima. A 1998 shugabannin filayen daga suka haɗu a Nashville suka amince cewa labarin da suke bayarwa bai cika ba. Ɗan majalisa Jesse Jackson Ƙarami ya sa aka shigar da umarni cikin dokar kasafin kuɗi na shekarar 2000 cewa a bayyana rawar bauta a waɗannan wurare. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta kwarara, musamman daga ƙungiyar 'ya'yan tsofaffin sojojin Kudu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce akasarin sojojin Kudu ba su mallaki bawa ba, kuma filin daga wurin girmama matattu ne. Rabin farko gaskiya ne, amma ya haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: abin da ya sa wani saurayi ya shiga soja, da abin da ya sa gwamnatinsa ta tara runduna. Na farko yana da amsoshi dubu, na biyu kuwa shugabanninsa sun rubuta shi sun sa hannu. Sabon gidan tarihin Gettysburg da aka buɗe a 2008 ya fara labarinsa daga bauta da ɓallewa kafin ya kai mai ziyara ga tudu da igwa.

Cikar shekara 150 ba ta samu hukumar ƙasa ba, kowace jiha ta yi nata. A 2010 gwamnan Virginia ya ayyana watan tarihin 'yan aware bai ambaci bauta ba, sai da ya nemi afuwa. A watan Disambar shekarar aka yi liyafar rawa ta murnar ɓallewa a Charleston, masu zanga-zanga na tsaye a waje. A wannan birni dai, ranar 17 ga Yunin 2015, wani matashi farar fata da ya saba ɗaukar hoto da tutar 'yan aware ya harbe mutum tara a cocin Emanuel. Ranar 10 ga Yuli aka sauke tutar daga harabar majalisar jihar, shekara 54 bayan an ɗaga ta don biki. A Richmond tsohon gidan tarihin 'yan aware ya haɗe da wata cibiya, suka buɗe sabon gini a 2019 a kangon masana'antar Tredegar da ta ƙera wa Kudu igwa, ƙarƙashin jagorancin Christy Coleman, baƙar fatar da ta tayar da ƙura a 1994 lokacin da ta shirya kwaikwayon gwanjon bayi a Williamsburg. Joseph McGill kuwa, wanda ya daɗe yana sa kakin bataliya ta 54, ya fara wani abu daban a 2010: yana bin rinjoji yana kwana a ɗakunan bayi da suka rage, yana gayyatar mutane su kwana tare da shi a ƙasa, babu bindiga babu ganga.

Mai ziyarar Gettysburg a yau, idan ya bar katangar dutsen ya yi 'yar tafiya arewa a kan tudun, zai tarar da wani ƙaramin farin gida da rumbu. Gonar Abraham Brian ce, baƙar fata ɗa, mai eka goma sha biyu. Da ya ji rundunar Lee na tafe ya kwashi iyalinsa ya gudu, domin ya san abin da ake yi wa irinsa. A ranar 3 ga Yulin 1863 sojojin Mississippi suka kai har bakin rumbunsa, a nan aka karkashe su. Kurmin bishiyoyin da ke kusa da katangar, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin iyakar da 'yan aware suka kai, daga baya ya zama mallakin Basil Biggs, wani baƙar fatan da ya jagoranci ma'aikatan da suka tono gawarwakin sojojin tarayya sama da dubu uku suka kai su makabartar da Lincoln ya yi shahararren jawabinsa. Shi Biggs a wata makabarta daban ta baƙaƙe aka binne shi a cikin garin. Brian ya dawo ya tarar harsashi ya huda bangonsa, an ƙone shingensa, an tattake amfanin gonarsa, an kuma yi kaburbura a cikinta. Ya rubuta wa gwamnati yana neman diyyar dala 1,028, aka biya shi dala 15.